Daɓe Mai Doro a Bakin Kanal

Kullum da la'asar ina ganinku daga ƙofar gida, ku 'yan mata da samari, kuna kai da komowa a kan daɓen nan na bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, kowa da waya a hannu, ana ɗaukar hoto ana karkatar da kai kamar mai ciwon wuya. Ban hana ku ba, don tafiya aka yi shi, kuma don a taka nake sabunta shi kowane rani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da wata ta yi ran nan, ta wuce ta gabana ko gaisuwar kirki babu. Ƙawarta ta tambaye ta wa ya yi wurin, ta ce, "Ai ƙasa ta kawai anka bubbuga." Ƙasa ce kawai aka bubbuga! To ni ce na bubbuga ta, kuma tunda kun ga abin da sauƙi, ku zauna ku ji.

Rabi, 'yar taubashina Bello, wadda ke koyarwa a firamare a Mafara, ta ce mini Turawa suna da suna na musamman ga irin wannan wuri. Wai esfilanad. Ta maimaita mini har ta gaji, harshena ya ƙi. Na ce ta bar sunan, ta faɗa mini ma'anarsa. Ta ce fili ne shimfiɗaɗɗe mai tsawo a bakin ruwa, wanda ba don noma ko kasuwa aka yi shi ba, sai don mutane su taka su sha iska, kuma wai asalin kalmar daga daidaita ƙasa ta fito. Na ce ashe su ma sun san sai an daidaita. Mu dai a nan daɓen Kulu muke ce masa. Kulu kuwa gwaggota ce, ƙanwar mahaifina, uwar Bello, kuma ita ta ɗora mini madaɓi a hannu.

Aikin farko da ta tafi da ni ɗakin wata amarya ne a Dakko. Na ci kwalliya, na kafa ɗauri, a zatona zan durƙusa cikin manyan mata in yi ta bugu ina amshi. Muna isa Gwaggo ta nuna mini tulin marmara a bayan gida, jan dutsen nan mai rugurgujewa da ake haƙowa a daji, ta miƙo mini rariya da guntun dutse. Aikina in farfasa, in tankaɗe, in ware: manya gefe guda don shimfiɗar ƙasa, 'yan ƙanana kamar ƙwayar dawa gefe guda don sama. In ta zo ta tsoma hannu ta ji guda mai kaifi, sai ta jefe ni da shi, ta ce in adana shi don ɗakina ranar aurena. Na yi rani na kuma yin wani ina wannan aiki, ina jin waƙa daga nesa, faratana duk sun ƙare. Na je na yi wa mahaifina kuka, ya ce in yi haƙuri, shi ma tsoronta yake ji.

Daga marmara ta mai da ni ga makuba. Na san yawancinku daddawa kawai kuka sani a jikin ɗorawa. To in an cire kalwa an kwashe garin, ɓawon da ya rage shi ne makuba, kuma shi ne ran daɓe. A shanya shi, a daka, a jiƙa a randa har ruwan ya yi ja wur ya doshi baƙi, kamar shayin da aka manta a kan wuta. In ya tsinke, daɓe zai yi ta ƙura. In ya yi kauri, ya tsattsage. Gwaggo ba ta auna shi da komai sai harshe. Takan ɗiga a baki, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta ce a ƙara ruwa ko a ƙara masa kwana. Ni ma haka nake yi har yau, shi ya sa kuke ganin haƙorana haka, ba goro ne kaɗai ba.

Ranar da ta yarda in yi bugu, sai da ta kai ni kasuwar Mafara ran Talata wurin masassaƙi. Ta sa ya auna hannuna daga gwiwa zuwa yatsa, ya sassaƙa mini madaɓi na ƙirya, mai faɗin ciki, da ɗan lanƙwasa a mariƙi don kada yatsu su daki ƙasa. Yana nan har yanzu a ƙarƙashin gadona. Wurin riƙon ya lotsa daidai tafina, in wata ta ara sai ta dawo da bororo a hannu.

Kuna jin waƙar daɓe kuna zaton nishaɗi ne. Waƙar ita ke riƙe hannuwa su sauka tare. Mata ne a jere a durƙushe, kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ta makara ko ta yi gaggawa, wurinta ba zai haɗe da na maƙwabciyarta ba, kuma nan ne zai fara tsagewa tun amarya ba ta yi haihuwar fari ba. Bugun farko lallashi ne, a hankali ake yin sa. A bari ƙasa ta sha iska, a yayyafa makuba da tsintsiya, a dawo da ƙarfi. Haka za a yi ta yi, yau da gobe, gwiwa na tsami, baya na kuka, har wurin ya yi sheƙi, madaɓi ya riƙa tashi da kansa. Gwaggo ce ke ba da waƙa, kuma duk wadda hannunta ya yi sanyi sai ta ji sunanta a ciki, da na mijinta, da abin da ta ci da safe. Na sha shiga waƙar nan.

Akwai zauren wani malami a Maradun da ba na mantawa. Babban zaure ne, inda manyan ɗalibai ke ɗaukar karatun littattafai. Ya aiko a yi daɓe, amma da sharaɗi: ban da waƙa, don ya san abin da mata ke cusawa a cikinta. Muka fara shiru. Kafin hantsi hannuwa sun watse, kowa na bugun gabanta, wurin ya yi tudu ya yi kwari. Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta je ta tsaya a bayan ƙofar Malam ta yi sallama. Sai da suka gama gaisuwa kaf, da gida da iyali da karatu, sannan ta ce:

"Allah shi gahwarta Malam, in ba mu buɗa baki ba, ɗalibanka a karkace za su zamna."

"To ƙaƙa za a yi, Kulu?"

"Begen Ma'aiki hwa? Shi ma an hana?"

Malam ya yi dariya ya ce wa ya isa. Da bege muka gama zauren nan, kuma ban taɓa ganin daɓen da ya kwanta kamarsa ba. Da muka tashi tafiya ya aiko mana da goro da doguwar addu'a, ya ce a gaya wa Kulu ta fi shi iya fatawa.

Ba duka masu ba da aiki ke da sauƙin kai irin nasa ba. Wani mai sayar da yadi a Bakura ya sa muka yi masa tsakar gida gab da auren ƙanensa. Gwaggo ta ce a tare ƙofa da ƙaya, kada a taka sai ya bushe. Shi kuwa yana da rago da yake ji da shi kamar ɗa, ya ce ai rago ba mutum ba ne, ba shi da nauyi. Da muka dawo yayyafin ƙarshe muka tarar da sawun kofato tun daga zaure har madafa, har da inda ya tsaya ya yi tunani ya zubar da abin da ya zubar. Mutumin ya ce a shafe masa. Gwaggo ta zagaya ta duba, ta ce sawun ya zauna da kyau, ado ne, a bar shi. Ta sa muka zuba makuba a kai, muka buge gefe da gefe yadda ba zai taɓa gogewa ba. An yi layya da ragon an cinye, sawunsa na nan har aka rushe gidan.

Abu na ƙarshe da ta koya mini shi ne karkata. Daɓe ba ya kwanciya daidai wa daida, wanda ya kwanta haka ruwa zai kwana a kansa ya cinye shi. Dole ya ɗan jingina gefe guda, kaɗan ƙwarai, yadda ido ba zai gani ba sai ruwa. In an gama takan cika ludayi ta zuba a tsakiya, mu zuba ido muna kallo. In ruwan ya yi jim sannan ya kama hanya ɗaya a natse, sai ta ce a dama fura. In ya tsaya cak, ranar babu mai shan komai.

Sai siminti ya shigo, amare suka fara cewa daɓe na ƙauye ne. Aikinmu ya koma na masussuka da ɗakunan tsofaffi. Bello ma, wata shekara da albasa ta yi masa kyau, ya kwaso magina suka shafe ɗakin uwarsa da tsakar gida da siminti, sumul, har kana ganin fuskarka. Don ƙauna ya yi, amma ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da kai.

Mummunar shekara kuwa ita ce wadda daji ya gagari kowa. Ramin marmara mai kyau yana can wajen Maradun, itatuwan ɗorawa ma can suke, kuma babu mai jakin da zai yarda ya doshi wurin saboda 'yan bindiga. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa gari da tabarmi a ka. Wa ke zancen daɓe? Rani ya shigo ban ji sallamar mai neman aiki ba, ga buhun makuba guda da na ɓoye tun bara, ina kallonsa yana kallona. Ana cikin wannan hali Gwaggo ta faɗi tana alwala. Hawan jini ne, ɓarin hagu ya shanye, hannu da ƙafa.

A asibiti likita ya faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Hannun sai abin da Allah ya yi, amma ƙafar da sauran rai. In ta riƙa takawa kullum a shimfiɗaɗɗen wuri, za ta tashi. In ta kwanta, ƙafar za ta ƙage, daga nan kuma sai dai a ɗauka a ajiye har ƙarshen kwananta. Muka dawo, ta gwada a tsakar gida, sanda ta zame a kan simintin da ruwan wanke-wanke ya jiƙa, ta zube. Lungun ƙofar gida kuwa duk ramuka ne da sawun babura. Ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Matar da ta durƙusa a ɗakunan rabin garin nan ta rasa inda za ta aza ƙafa. Abin ya ƙona mini rai.

Bayan gidansu akwai wata 'yar ƙofa da ke fita bakin kanal, magudanar nan da ke kawo ruwa daga madatsar Bakolori. Tsakanin kanal da gonar albasar Bello akwai siririn fili, ya miƙe har gindin wata tsamiya, duk gargada da ƙaya. Na tsaya ina kallonsa wata safiya, na kira Bello na ce daɓe zan yi a nan. Ni da shi ba ma magana sai da tsiya, haka taubasai suke.

"Dije, kanal ɗin za ki yi ma aure?" in ji shi. "Ina kinka taɓa ganin an yi ma hanya daɓe?"

"Kai dai jawo jakinka. Shi ad da hankali gidanku."

"In damana taz zo hwa?"

"In taz zo ta iske tsohuwarka tsaye bisa ƙahwahunta, ta kwashe shi, na yahe."

Nan tsiya ta ƙare. Ya tafi ya sami mai unguwa da mai kula da kanal, suka ce in dai ba za a taɓa bakin ruwan ba, a yi. Marmara muka samo daga wani tsohon rami kusa da gari, ba mai kyau ba, sai da na tankaɗe ta kamar garin tuwo. Saura hannuwa, don 'yan matan gari ko riƙon madaɓi ba su iya ba. Sai wata mata mai suna Hassi, cikin waɗanda suka gudo daga wajen Gidan Goga suna zaune a wani kango, ta ji labari ta zo da 'yan uwanta mata. Su can ba su yar da sana'ar ba. Ranar farko, tana durƙusawa ta shafa ƙasar ta ce, "Ni kau na yi ma ɗakina daɓe, bai ko bushe ba munka gudu. Ban taɓa kwana bisa shi ba." Na ba da waƙa, muka fara.

Na zuba duk abin da na sani a aikin nan, da duk makubar da na ɓoye. Na yi shi da faɗi yadda mutum biyu za su jera a sake. Na karkata shi wajen kanal kamar yadda aka koya mini, na zuba ludayi, ruwa ya yi jim ya gangara a natse. Ya yi ja, ya yi sheƙi, manoma na tsayawa suna kallo. Gwaggo tana jin bugunmu daga ɗaki duk kwanakin nan, ko juyowa daga bango ba ta yi ba. Da muka gama, ni da Bello muka yi ta roƙo, har ta ce, da bakinta da ya ɗan karkace, "Ku tashe ni in ga ɓarnar da kunka yi."

Ta fito, kanal na hannunta na hagu. Ta aza sanda, sanda ta kama. Ta ja ƙafar mai ciwo, ƙafar ta biyo. A hankali a hankali, tana yi tana hutawa, sai ga ta a gindin tsamiya. Bello har da kabbara. Ta zauna a kan saiwa, ta kalli ruwa, ta kalli alkamar da ke hayi, ta sha iska, na ga fuskarta ta dawo irin ta da. Sannan ta miƙe za ta koma. Ba ta yi nisa ba yatsun ƙafar hagu suka fara kamun ƙasa. Ta ja, suka kama. Ta sake ja da ƙarfi, sai ta tafi gaba ɗaya ta kife, kafin Bello ya kai hannu. Gwiwa ta fashe, ɗankwali ya faɗa ruwa, masu ban ruwan albasa duk suka sheƙo a guje. A gaban idon maza aka ɗauke ta cak aka mai da ita ɗaki. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kada wanda ya sake kirana."

Washegari da sassafe na koma wurin kafin kowa ya taka. Makubar ƙarshe ba ta gama bushewa ba, saboda haka daɓen ya riƙe sawu. Wajen tafiya, tabon sanda ne da sawun ƙafa, tsaf. Wajen dawowa kuwa ga dogon karce, ga wani, ga wani, har inda ta faɗi. Na ce ko gajiya ce? Amma ai ta huta. Sai na sandarar da ƙafata ta hagu, na ɗauki kara, na yi ta zuwa ina dawowa ina jan ta. Wani mai ban ruwa ya ajiye fartanya ya je ya gaya wa Bello taubashiyarsa ta taɓu. A jikina na ji abin. In za ni tsamiya, karkatar ta sa hagu ne a ƙasa, ƙafar da ba ta ɗaguwa tana samun 'yar rata ta wuce. In na juyo, hagu ya koma sama, ƙasa ta taso ta tare yatsu. 'Yar karkatar nan da ido ba ya gani, wadda na yi daidai yadda aka koya mini, ita ta kayar da ita.

To mene ne magani? Ƙafar tana son hagu ya zama ƙasa in za ta, ya kuma zama ƙasa in za ta dawo. Hanya ɗaya ce: a tayar da tsakiya, gefe da gefe su gangara, ta tafi ta wannan ɓari ta dawo ta wancan. Wato doro. Ku ba ku san nauyin wannan abu a wurinmu ba. Doro shi ne abin kunyar mai daɓe. Shi ke sa gado rawa, ya sa tulu ya gangara, ya raba ruwan ludayi biyu. Mace ta yi doro, sunanta ya zauna a waƙa har jikokinta. Gwaggo ta taɓa sa ni na fasa ɗaki guda da hannuna, ina kuka, saboda doron da ko kaza ba za ta lura da shi ba. Yanzu ga shi zan yi shi da gangan, mai tsawo, a sarari, inda duk mai wucewa zai gani.

Da na gaya wa Bello za a fasa, ya dafe kai. "Wanga kyakkyawan abu? Dije, jakina ya rame, ni na rame." Na ce sabon daɓe ba ya kama tsoho, sai an tashe shi duka. Shi da kansa ya sa diga, yana sara yana kau da kai, ya kuma haƙa 'yar kwata ta gefen gona don kada ruwa ya kwanta masa a albasa. Matsalar ita ce makuba. Ko ƙwaya ba ta rage ba, a kasuwa kuma babu. Ga matar Bello tana gaya mini Gwaggo ta rage cin abinci, kuma in ta zo shafa mata magani ƙafar ba ta miƙewa kamar da. Tsoro ya kama ni sosai.

Na ɗauki buhu na shiga gida-gida. Ashe tsofaffi ba sa rabuwa da makuba. Wannan ta zaro ƙulli daga bayan randa, waccan daga rufin ɗaki, wata ta ce ta ajiye ne don ɗakin jikarta, amma jikar tayil take so. Kowace sai ta riƙe ni da labari: Kulu ce ta yi mata ɗaki, Kulu ce ta saka mijinta a waƙa. Duk da haka abin da na tara bai kai ba. Hassi ta ce su a can in ta yanke musu sukan haɗa da bagaruwa, na je wurin majema na samo. Na ɗanɗana haɗin, ya ɗaure mini baki yadda ya kamata. Muka sake durƙusawa. Hannun matan nan ya ƙi doro, su yi bugu kaɗan in ga sun shafe shi, in ce a tayar. Hassi tana dariya tana cewa in an tambaya, ita ba ta nan aka yi.

Saura fito da ita. Roƙo ba zai yi ba, Bello ya gwada, liman ma ya gwada. Na bari sai da rana ta yi sanyi, na shiga na zauna a bakin gado. Tana kwance, fuska a bango, ta zama 'yar ƙarama.

"Gwaggo, ina wuni? Ƙaƙa jiki? Ƙaƙa haƙuri?"

"Da godiya," ta ce, ciki-ciki.

"Na zo in hwaɗa miki tun ba ki ji ga bakin duniya ba. Daɓen ga na bakin kanal, mun sake shi. Doro gare shi."

Na ga kafaɗarta ta motsa.

"Mi kinka ce?"

"Doro. Tun daga ƙohwa hat tsamiya. Kuma kowa daɓen Kulu shi ka ce mai."

Ta juyo, ta kafe ni da idon nan da na sani tun ina budurwa.

"Da sunana? Ke Dije, ni nak koya miki haka?"

"Ni dai ga abin da hannuna yab ba ni."

"Miƙo min sandata. Miƙo min, don ubanki!"

Uban nawa kuwa yayanta ne, Allah ya ji ƙansa, amma ranar ba ta wannan take ba.

Da ƙyar muka tsayar da ita, ƙafar ta yi nauyi fiye da da. A bakin 'yar ƙofar ta tuɓe takalmin dama, ta shafa tsakiyar daɓen da tafin ƙafa, ta yi salati. Sai faɗa. Na shiga gabanta ina tafiya da baya a kan doron, don ta bi ɓarin kanal, ita kuwa ta biyo ni tana zazzaga mini. Ta ce na zubar mata da mutunci a gaban baƙi. Ta ce da ta sani da ta bar ni a kan rariya har in tsufa. Ta ce wannan ba daɓe ba ne, kabari ne aka ja shi ya yi tsawo. Kowane taki da nasa zagin, har tsamiya. Ko zama ba ta yi ba, ta juya don ta ga ɗaya ɓarin ko ya fi muni.

A wajen dawowa ne fa ta faɗi wancan karon. Na koma gefen kanal na bar mata ɓarin gona. Bello na biye da ita, hannuwa a buɗe. Ta ja ƙafar, ƙafar ta wuce. Ta sake ja, ta wuce. Muka zo daidai inda ta faɗi, ta wuce shi tana cikin lissafa irin waƙar da za a yi mini. Sai can wajen rabin hanya faɗan ya fara raguwa, ya koma gunaguni, ya ɗauke. Ta tsaya. Ta dubi ƙafarta, ta dubi doron, ta dubi ɓarin da ta bi da farko. Sannan ta dube ni, ta daɗe tana kallona. Wadda ta koya mini karkata ba sai an yi mata bayani ba.

"Ja'ira," in ji ta, a hankali.

Ban taɓa jin yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba, hawaye suka zubo mini ban shirya ba.

Ta ci gaba. Matar Bello ta riga ta buɗe 'yar ƙofar, ta shimfiɗa tabarma daga ciki, ta ajiye ruwa a kofi. Gwaggo ta iso da ƙafarta, ba wanda ya taɓa ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta leƙa, ta hango ɗakinta a buɗe da gadon da ta tashi a kai. Bello ya matso zai kama ta ya shigar.

"Kauce min," ta ce. "Wa yac ce maka na gama?"

Ta dafa sanda, ta juya a hankali, ta ba ƙofar baya, ta sake kama hanyar tsamiya.